Takardar ɗan majalisa zuwa makarantun hafsoshin Amurka ba ta sayarwa ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata magana da ta yi yawa a bakin matasa da iyayensu a nan Tahoua, wato cewa akwai mutanen da ke iya samo wa yaro gurbi a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka, muddin aka biya su kuɗin "takardar ɗan majalisa". Maganar tana yawo ne a saƙonnin murya na WhatsApp, kuma tana samun shiga saboda akwai ɗan gaskiya a cikinta: lalle yawancin waɗannan makarantu ba sa ɗaukar ɗalibi sai wani mai muƙami ya miƙa sunansa. Sauran abin da ake ɗorawa a kai ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai cin dukiyar mutane.

Ni tsohon malamin Ingilishi ne, na yi ritaya. Abin da ya sa na san wannan al'amari shi ne ɗan ƙanwata, wanda aka haifa a birnin Greensboro na jihar North Carolina, inda ƴan Nijar ke da yawa, ya bi wannan hanya daga farkonta har ƙarshenta, uwarsa kuwa takan turo mini kowace takarda in karanta in fassara mata kafin ta sa hannu.

Makarantun biyar ne. Ta sojan ƙasa tana West Point a jihar New York, an kafa ta a 1802. Ta sojan ruwa tana Annapolis tun 1845, ta sojan sama kuma, wadda aka kafa a 1954, tana kusa da Colorado Springs. Akwai ta ma'aikatan jiragen ruwan kasuwanci a Kings Point, sai ta masu tsaron gaɓar teku a New London, wadda ita kaɗai ce ba ta neman kowa ya miƙa sunan ɗalibi. Karatun na shekara huɗu ne, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, ɗalibi ya fita da digiri da muƙamin ƙaramin hafsa. Wanda ya gama West Point ko Annapolis ko makarantar sojan sama, wajibi ne ya yi aikin soja na aƙalla shekara biyar, don haka masu kiran abin karatun kyauta ba su faɗi dukan magana ba.

Sharaɗi na farko, wanda dillalan nan ba sa taɓa ambata, shi ne mai nema ta hanyar ɗan majalisa ya zama ɗan ƙasar Amurka. Biza ba ta isa ba, haka ma katin zama na dindindin da mutanenmu ke kira girinkad. Bayan haka, a manyan makarantun uku, sai yaro ya cika shekara 17, kuma kada ya kai 23 a ranar 1 ga Yuli ta shekarar da zai shiga. Kada ya kasance da aure, kada kuma a ce akwai ɗa ko wani da doka ta ɗora masa ciyar da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kamata iyayenmu su ji shi da kyau, domin mu mutane ne masu son aurar da yaro da wuri idan za a tura shi nesa. Ƴan mata kuma suna shiga tun 1976, da sharuɗɗa iri ɗaya na shekaru da aure.

To, mene ne aikin ɗan majalisa a ciki? Majalisar dokokin Amurka tana da sanatoci 100, biyu daga kowace jiha, da wakilai 435. Doka ta ba kowannensu gurbi biyar a West Point, biyar a Annapolis, biyar a makarantar sojan sama, kuma waɗannan biyar ɗin na dukan ajujuwa huɗu ne gaba ɗaya, ba na kowace shekara ba. Ke nan a mafi yawan shekaru gurbi ɗaya ne ke buɗewa a hannunsa, wani lokaci biyu, idan ɗaliban da ya tura a baya sun gama. A kan kowane gurbi da ya buɗe, an daɗe ana ba shi damar miƙa sunaye goma, daga baya aka ƙara zuwa goma sha biyar. Yana iya miƙa su ba tare da fifita kowa ba ya bar makaranta ta zaɓa, wanda shi ne abin da mafi yawansu ke yi. Yana iya kuma ya ce ga na gabansa, idan bai cika sharuɗɗa ba a duba sauran. Mai nema yana da ikon buga ƙofa huɗu a lokaci guda: wakilin mazaɓarsa, sanatocin jiharsa biyu, da mataimakin shugaban ƙasa, wanda shi ma gurbinsa biyar ne a kowace makaranta amma ga ƙasar baki ɗaya. Akwai wani kaso da ake cikewa da sunan shugaban ƙasa, amma wannan na ƴaƴan sojojin da suka daɗe a bakin aiki ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a lamarin ɗan ƙanwata shi ne yadda aka tantance su. Ɗan majalisar bai zauna da su ba, kwamiti ya naɗa. Yaron ya cika takardu tun lokacin da muke cikin damina a nan, ya haɗa da sakamakon makaranta, da makin SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, da wasiƙun shaida daga malamansa, da wani rubutu da ya yi da kansa a kan dalilin da ya sa yake son aikin soja. Bayan an rufe karɓar takardu aka kira shi ganawa a wata ranar Asabar. Ya ba ni labari cewa ya tarar da mutane zaune a bayan dogon tebur, cikinsu akwai tsofaffin hafsoshi da wata shugabar makaranta, kowa da kwafin takardunsa a gabansa an ja layi a wasu wurare. Ba su tambaye shi ko ɗan wane ne ba. Sun tambaye shi me zai yi idan ya ga babban abokinsa yana satar amsa a jarrabawa, kuma ko shi ne ke son wannan aiki ko iyayensa ne ke tura shi. Wani dattijo a cikinsu ya lura cewa makinsa na lissafi ya faɗi a wani zango, ya ce ya faɗa musu abin da ya faru. Yaron ya ce a lokacin ne ubansa ya kwanta asibiti shi kuma ya riƙa tsare masa shago da yamma. Dattijon ya rubuta wani abu a gefen takarda, aka wuce zuwa tambaya ta gaba. Babu inda aka nemi ko dala ɗaya, daga cika takardar har zuwa ranar da aka kira shi a waya aka ce sunansa na cikin waɗanda aka miƙa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Miƙa suna daidai yake da a ba saurayi izinin turo magabatansa: an yarda ya shiga layi, amma ba a ɗaura aure ba. Makarantar tana da nata binciken dabam, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na ɗan majalisa, kuma ita ce mai maganar ƙarshe. Tana duba karatu, tana duba ko yaro ya taɓa jagorantar wasu a makaranta ko a wasanni, sannan ga gwajin ƙarfi mai kashi shida da ake yi a jere da ɗan hutu kaɗan tsakani. A ciki akwai jifa da ƙwallon kwando alhali yaro na durƙushe a kan gwiwoyinsa, da ɗaga jiki a kan sandar ƙarfe, da gudun kai-da-komo, a ƙarshe kuma gudun mil ɗaya, kimanin mita 1,600, lokacin da ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Bayan wannan akwai binciken likita, wanda wata hukuma ta ma'aikatar tsaronsu ke yi, kuma shi ne ya tsayar da ɗan ƙanwata. Yana da asma tun yana ƙarami, kuma takardun asibiti sun nuna ta ci gaba da tashi bayan ya wuce shekara 13, abin da ƙa'idarsu ta hana sai in an yi wa mutum sassauci na musamman. Da takardar ɗan majalisa a hannunsa, da maki mai kyau, bai samu shiga ba. Yanzu yana jami'a yana karatun injiniya. Idan yaron da aka haifa can, wanda kwamiti ya zauna da shi ya yaba masa, zai iya tsayawa a nan, ina wanda aka ce masa ya turo kuɗi da hoton fasfo daga Tahoua a gama masa komai?

Ba ina cewa tsarin nasu ba shi da aibi ba ne. An fara shi tun ƙarni na 19 domin kada hafsoshin ƙasar su fito daga yanki ɗaya ko daga gidajen masu hali kawai, kuma ta wannan fuska ya yi amfani. Dwight Eisenhower, ɗan talakawa daga garin Abilene na jihar Kansas, ya rubuta wa Sanata Joseph Bristow, ya zauna jarrabawar gasa da sanatan ya shirya, ya shiga West Point a 1911 bayan shekarunsa sun wuce na shiga Annapolis, ya fita a 1915, daga baya ya jagoranci dakarun ƙawance a Turai ya kuma zama shugaban ƙasa. Amma kuma duk ƙofar da aka damƙa mabuɗinta ga ɗan siyasa tana iya zama a kulle ga wasu. Daga 1889, lokacin da Charles Young ya gama West Point, har zuwa 1936, babu baƙar fata ko ɗaya da ya fita daga makarantar. Wanda ya karya wannan dogon shiru shi ne Benjamin Davis ƙarami, kuma sunansa ya shiga ne ta hannun Oscar De Priest na Chicago, wanda a lokacin shi kaɗai ne baƙar fata a majalisar. Shekara huɗu ƴan uwansa ɗalibai suka yi ba sa yi masa magana sai a kan aiki, amma ya gama, ya kuma zama baƙar fata na farko da ya kai muƙamin janar a sojan saman ƙasar. Har yau ma gasar ba daidai take a ko'ina ba, domin akwai mazaɓun da masu nema ke yi wa yawa ƙwarai, akwai kuma waɗanda ɗan majalisa ba ya samun isassun yaran da zai cika jerinsa. Sai dai duk wannan maganar cikin gidansu ce, ba ta buɗe wa ɗan wata ƙasa hanya ba.

Akwai ƴaƴanmu da abin ya shafa kai tsaye, kuma saboda su nake son a fahimci wannan bayani. Iyalai da dama a Yamai, da wasu a nan Ader, suna da yaran da aka haifa a Amurka aka dawo da su gida domin su tashi cikin dangi su yi karatun addini. Irin wannan yaro ɗan ƙasar Amurka ne, yana da ikon nema. Matsalarsa ita ce ƴan majalisa sunayen mazauna mazaɓunsu suke miƙawa, don haka idan iyayensa suna da mazauni na doka a wata jiha, ta nan zai bi, idan kuwa babu, ƙofar mataimakin shugaban ƙasa ba ta tambayar jiha, ko da yake ta fi kowace cunkoso. Sannan ya sani cewa takardar bak ɗinsa, wato ta kammala sakandare, ba za ta wadatar ba sai ya zauna jarrabawa irin su SAT ko ACT cikin Ingilishi, kuma ya fara shiri fiye da shekara guda kafin lokacin shiga, domin yawancin ofisoshin ƴan majalisa suna rufe karɓar takardu wajen watan Oktoba, suna miƙa sunaye ga makarantu kafin ƙarshen Janairu, sababbin ɗalibai kuma suna shiga a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Haka kuma iyaye su zauna da shi su yi tunani a kan abin da ke bayan karatun, wato rantsuwar yi wa tutar wata ƙasa aiki da zuwa duk inda ta tura shi. Wannan shawara ce ta iyali, ba ni da ta cewa a ciki, amma bai kamata a yanke ta don ana jin daɗin kalmar "kyauta" ba.

Ga wanda ba ɗan ƙasar ba, hanya ɗaya ce kawai, kuma babu ɗan majalisa a cikinta. Dokarsu ta yarda kowace daga manyan makarantun uku ta riƙe ɗalibai ƴan ƙasashen waje har 60 a lokaci guda, daga duniya baki ɗaya. Gwamnatin Amurka ce ke gayyatar ƙasashen da ta ga dama, gwamnatin ƙasar da aka gayyata ita ke zaɓen ƴan takararta ta miƙa su ta ofishin jakadanci, ta hannun jami'in soja da ke can, sannan makaranta ta tace. Wanda ya gama ba ya zama hafsan Amurka, gida yake komawa ya yi wa rundunar ƙasarsa aiki, kamar yadda Fidel Ramos na Filifin ya yi bayan ya fita West Point a 1950, tun kafin ya zama shugaban ƙasarsa. Ke nan magana ce tsakanin gwamnati da gwamnati. Kowa kuma ya san inda dangantakar soja tsakanin Nijar da Amurka ta tsaya: a watan Maris na 2024 hukumomin ƙasarmu suka soke yarjejeniyar sojan da ke tsakani, kuma zuwa Satumba na wannan shekarar sojojin Amurka sun gama ficewa daga Yamai da Agadez. Duk wanda ya zo a irin wannan yanayi ya ce yana da gurbi a aljihunsa, a tambaye shi wace gwamnati ce ta aiko shi.

Wani maƙwabcina, mai sayar da hatsi, ya kawo mini takardar da aka turo wa ɗansa bayan ya riga ya biya kashin farko. Ya sayar da shanu biyu kafin ya haɗa kuɗin. An buga takardar da launi, da hoton gaggafa a samanta da wani jan hatimi a ƙasa, an sa sunan yaron da manyan baƙaƙe. Tun layin farko na ga Ingilishin na wanda ya yi tunani da Faransanci ne. An rubuta cewa wani sanata ya "ba shi kujera", an kuma ba shi mako biyu ya aika kuɗin rajista da na kakin soja ta wata lambar waya, in ba haka ba a ba wani. Adireshin da za a mayar da amsa irin na kowa da kowa ne da ake buɗewa kyauta, alhali wasiƙun ofisoshin majalisar Amurka daga adireshin gwamnati suke fitowa. Yaron kuma shekararsa 25, yana da mata da ɗiya. Da na gama yi masa bayani, maƙwabcin nawa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Malam, to yanzu me zan ce wa uwarsa?" Na ce ya faɗa mata gaskiya, ya kuma kai takardar da lambar wayar ga ƴan sanda kafin a ci wani. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ya haɗa su da dillalin ɗan unguwa ne, wanda shi kansa ya yarda da maganar, yana ganin alheri yake yi.

Na yi imani abin da ke sa irin wannan zamba ta kama mu shi ne mun saba jin cewa ba a samun komai sai da hanya, wato dangi da abokai da sanayya. Saboda haka da an ce mana a Amurka ma sai ɗan majalisa ya sa baki, sai mu ji abin ya yi daidai da abin da muka sani, mu fara neman wanda ya san wani. Yaro mai son aikin hafsa da gaske yana da makarantu a gida waɗanda ake shiga ta gasa. Akwai makarantar soja ta yara a Yamai, Prytanée, wadda ke ɗaukar ɗalibai bayan firamare ta kai su har bak. Akwai makarantar horar da hafsoshi, akwai kuma makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadez. Daga cikin rundunar ne kuma ake tura waɗanda suka cancanta ƙarin horo a ƙasashen waje, idan akwai yarjejeniya.

Abu ɗaya da nake ganin ya dace mu ɗauka daga tsarin Amurka shi ne damuwar da ta haife shi, wato a tabbatar ɗan kowane lungu ya ji labari ya kuma samu damar gwadawa. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarfin jiki daga ƙauyukan Bouza da Keita da Illela da Abalak waɗanda ba su taɓa zama irin wannan gasa ba, ba don an hana su ba, sai don labarin bai kai gare su ba sai bayan an rufe, ko kuma a ranar da suka ji ba su da takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa a hannu, kuma haɗa su daga ƙauye yana cin makonni. Ɗan birni yana da wanda zai karanta masa sanarwa da Faransanci ya kuma faɗa masa ofishin da zai je.

Don haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da hukuma ta fitar da sanarwar gasar shiga ɗaya daga makarantun sojanmu, jaridarka ta buga ta da Hausa a cikin makon, da iyakar shekaru, da takardun da ake nema, da ranar rufewa, da garuruwan da za a zauna jarrabawa, ta kuma ba gidajen rediyon karkara izinin karanta ta. Idan kuma akwai iyalin da aka turo wa takarda irin wadda na bayyana, kada su aika ko dala ɗaya kafin su kai ta ga wani malamin Ingilishi na lise mafi kusa da su ya karanta musu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Tahoua